Ranar da na sha littafina

Shekarun baya, zamanin ina aiki a Riyad, na taɓa shan littafin da na yi shekara uku ina rubutawa. To, ba duka ba, kofi ɗaya ne, amma da bakina na sha, mutum biyu suna kallon maƙogwarona yana motsi. Wani daga cikinku ya tambaye ni shekaranjiya me ya sa nake saurin hawa in na ga an yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Na daɗe ban ba da labarin nan ba, domin duk sanda na fara sai in ji ɗacin ya dawo mini a harshe. Yau dai bari in ba ku.

A lokacin ina aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Ulaisha. Mutanenmu Likita suke kirana. Na gyara musu har na gaji, daga baya na riƙa amsawa, wani lokacin ma har da gyaran murya. Mu uku muke zaune a wata shigga, wato sashen gidan haya, mai ɗaki biyu da falo a Suwaidi. Akwai wani dattijo da ya haura shekara ashirin a ƙasar, Baba muke ce masa. Shi ke ba mu sallah in jam'i ya wuce mu, shi ke raba mu in mun yi cacar baki a kan wanda ya bar tukunya ba wanki. Sai abokina, direban tifa a wuraren gine-ginen Dir'iyya, wanda muke ɗaki ɗaya da shi.

Abokin nan nawa ba a Saudiyya na tsince shi ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a garinmu. Mahaifiyata ta rasu ina aji uku na firamare, mahaifiyarsa ce ta ja ni a jiki. Kwano ɗaya take zuba mana tuwo, in ta dake shi sai ta haɗa da ni don kada in ga an ware ni. Inna nake ce mata, kuma a duniya babu wanda nake kunyar ya ji mummunan labarina kamar ita. Ku riƙe wannan, domin a kansa komai ya tsaya.

Mahaifina malamin zaure ne, yana tafsiri da azumi. Duk sanda ya zo kan labarin Banu Isra'ila ya kawo wani ƙarin bayani, sai ya ɗaga yatsa ya ce wannan daga ma'abota Littafi aka samo shi, ba ma gaskatawa, ba ma ƙaryatawa. Ni kuma ina gefe ina cewa a raina, to shi littafin nasu da kansa me ya ce? Tambayar nan ta bi ni har na yi gemu. Da na ga zama ya ɗan daidaita a Riyad, sai na nemi gurbi a sashen nazarin addinai na wata jami'a a gida, irin karatun da ake zuwa lokacin hutu a koma bakin aiki. Na yi share fage, aka ɗauke ni digiri na biyu, na zaɓi in yi bincike a kan Attaurar da ke hannun Yahudawa.

Malamin da aka ba ni wani tsohon farfesa ne mai tsaurin tsiya. Ranar farko ya ce ba zai duba aikin wanda bai iya karanta littafin da harshensa ba, don haka in je in koyi Ibrananci. Sannan ya ƙara da wata magana da ban manta ba. Ya ce, "Na san abin da ka yi imani da shi game da littafin nan, ni ma shi na yi imani da shi. Amma kada ka kawo mini hukunci. Ka kawo mini shafi. Ka nuna mini wa yake magana, da wa yake yi, me ya zo kafin nan, me ya biyo baya. In ka gama tambaya, sai mu ga ko ka cancanci yin hukunci."

Haka na zauna ina koyon baƙaƙen nan masu kama da ƙananan akwatuna, daga dama zuwa hagu kamar Larabci. Da na fara iya tafiya a cikinsu, sai na shiga labarin Annabi Nuhu yadda yake a wurinsu. Masana da yawa sun daɗe da lura cewa kamar muryoyi biyu ne aka saƙa wuri ɗaya. Wata murya tana kiran Allah da wani suna mai harafi huɗu, wanda su kansu ba sa furtawa don girmamawa. Ɗayar tana kiransa da wani sunan mai kama da kalmarmu ta Ilahi. Nan a ce dabbobi bibbiyu, can a ce bakwai-bakwai, nan kwana arba'in, can ɗari da hamsin. Wasu malamansu sun ce murya ɗaya ce, kuma suna da bayanin kowane bambanci. Wasu sun ce ruwaya biyu aka haɗa. Ni dai an ce in kawo shafi, sai na ja layi a tsaye da a kwance, na yi gida-gida, murya ɗaya da jan tawada, ɗayar da baƙa, kowane gida da sunan Allah da lambarsa. Kuma saboda iyayi, na ƙi biro, na sayi alƙalamin tawada, wai don baƙaƙen su fito da kaurinsu da sirantakarsu.

Akwai kuma wani babi da nake ji da shi. A cikin dokokinsu akwai inda aka yi maganar mijin da yake zargin matarsa amma ba shi da shaida. Sai ya kai ta wurin malamin ɗakin ibadarsu, a rubuta kalmomi a takarda, a wanke rubutun a ruwa, a ba ta ta sha. In tana da laifi ruwan ya kama ta, in ba ta da shi ta tafi lafiya. Da na karanta wannan sai na tuna rubutun allo da muke wankewa mu sha. Na zauna na kwatanta su, na rufe babin da cewa mu dai don neman lafiya da buɗi muke sha, ba a taɓa ɗura wa mutum rubutu don ana zarginsa. Na karanta wa farfesa ta waya ina jiran yabo. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata mana, ni ɗan malami ne.

Yanzu bari in amsa nawa laifin. A Riyad ta wancan lokacin akwai abu biyu da ɗan Najeriya ba zai so a gani a hannunsa ba: rubutun Yahudawa, da duk wani abu mai kama da tsubbu. Sihiri a can laifi ne da kan kai mutum har ga takobi, mu kuwa dama ana yi mana kallon mun iya. Saboda haka ban kai aikin shago an buga mini ba, ban ɗauki hotonsa a waya ba, don na sha jin an karɓi wayar mutum an duba. Komai yana cikin wani babban littafi mai koren bango. Bayan asuba nake rubutu, in na gama in tura shi ƙarƙashin katifa. Ku ji fa, ƙarƙashin katifa, inda kowane Bahaushe ya san me ake ɓoyewa. In Baba ya tambayi me nake ta rubutawa, sai in ce karatun jami'a ne, in rufe.

Wata safiya ina kan jadawalin Annabi Nuhu, abokina ya shigo da waya a kunne. Yana so ya kawo Inna Umara, ni ne mai cike takardu a gidan, ƙaninsa kuma yana kan layi daga gida zai karanto sunanta yadda yake a fasfo. "Rubuta, rubuta, kati zai ƙare," in ji shi. Takardar da ke gabana na rubuta a kai. Sunansa a sama, sunan Inna a ƙasa, a gefen jadawalin, da jan tawadar da ke hannuna. Na cike takardun a ranar, na manta da zancen.

Bayan wata biyu ya fara ciwo. Ƙishirwa, yawan fitsari, jiri, ga rama kamar ana zuƙe shi. Rannan jiri ya ɗebe shi a kan tifa, saura kaɗan ya afka rami da yashin mutane. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da zamansa a ƙasar yake hannunsa, ya ce ya zauna a gida, in bai warke ba zai yi masa huruj ya koma ƙasarsu. Na ja shi asibitinmu, na ɗebi jininsa da hannuna, na ga suga ya hau sosai. Likita na gaske ya rubuta masa magani. Shi kuwa ya kafe a kan babu mai ciwon suga a zuriyarsu, wannan hannu ne aka sa masa. Da faɗa da lallashi na samu ya fara shan ƙwayoyin wata ranar Litinin.

Ranar Alhamis na dawo daga aiki wajen la'asar. Tun daga matakala na ji ƙamshin turaren wuta da karatun ruƙiyya yana tashi a waya. Na ce a raina madalla, ana yi wa mara lafiya addu'a. Na tura ƙofa. A tsakiyar falo ga shuɗin bokitin da muke jiƙa wanki. Baba yana tsugune a gabansa ya naɗe hannun riga, yana cuɗa wani abu. Abokina ya jingina da bango, idanunsa sun kaɗa sun yi jajur. Ruwan bokitin ya rine, ba ja ba, ba baƙi ba. Takardu sun jiƙe sun kumbura kamar gurasar da aka tsoma a miya. A gefe, kan leda, ga koren bango an yage shi.

Na ƙarasa gaban bokitin. Na durƙusa na tsoma hannu na ciro wani shafi, fari fat, sai ɗan dishi-dishin layi. Na ciro wani, haka. Da biro na yi amfani da na tsira da wani abu.

Na ce, "Baba, me kuka yi?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Abin da ya kamata. Zauna, Likita."

"Shekara uku ne a cikin bokitin nan! Wa ya ce ku taɓa mini kaya?"

"Shekara uku," ya maimaita, ya dubi abokina yana girgiza kai. "Ka ji ko? Shekara uku ana abu ɗaya."

Sai ya goge hannu, ya zaro takarda ɗaya busasshiya daga aljihun gaba. Ashe abokina ne ya tashi share ɗaki don zaman gida ya ishe shi, ya ɗaga katifata, ya ga littafin, ya buɗe. Baba ya shimfiɗa takardar a kan gwiwarsa. Jadawalin Annabi Nuhu ne.

Na ce, "Baba, wannan labarin Annabi Nuhu ne. Wallahi labarin ruwan Ɗufana ne."

Ya ce, "Annabi Nuhu da sunan uwar wannan bawan Allah? Gida-gida, ja da baƙi, bakwai, arba'in, wane ɗan wance. Likita, na haura sittin a duniya. In na ga hatimi na san shi."

Na tuna wa abokina ranar fasfo, da ƙaninsa a waya, da katin da zai ƙare. Ya ce ya tuna na rubuta, amma bai ga a kan me na rubuta ba, kuma ai dabarar ke nan, yadda na samu cikakken sunanta ba tare da na tambaya ba. Ni da na san sunan Inna tun kafin ya iya ɗaura wando.

Baba ya sa yatsa a kan baƙaƙen. "To wannan rubutun waɗanne mutane ne? Ba Larabci ba ne, ba boko ba ne."

Nan ne ya kamata in yi dabara, amma rai ya riga ya ɓaci. Na ce, "Ibrananci ne. Harshen Yahudawa."

Muryar mai ruƙiyya tana ta tashi a waya. Baba ya yi salati ya sake yi. Abokina ya fashe da kuka, ƙato da shi, yana cewa, "Me na yi maka? Kwano ɗaya fa muka ci. Me Inna ta yi maka?"

Na ce, "Kai, ka dube ni da kyau! Ni da na kai ka asibiti, na ɗebi jininka da hannuna?"

Ya share ido ya ce, "Jinin ma, ina ka kai shi?"

Jama'a, ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Duk alherin da na yi masa ya juye ya zama shaida a kaina. Na juya wurin Baba na ce masa abin da yatsarsa take kai sunan Allah ne, da harshen da Annabi Musa ya yi magana da mutanensa. Na ce shi da ba ya wuce guntun jarida a titi in ya ga sunan Allah a jiki sai ya ɗauke, yau ya zauna ya cuɗe shi sau ɗaruruwa a bokitin wanki. Na ce su kansu masu littafin ba sa goge wannan sunan, ba sa jefa takardarsa a shara, ajiye ta suke yi kamar yadda muke kai tsohon Alƙur'ani akwatin masallaci. Ya saurare ni tsaf har na gama. Sannan ya ce, "Dama da sunayen Allah ake haɗawa."

Babu ta inda ban ɓullo ba. Na ce a kira farfesa a waya, ya ce ai malaminka ne, me zai ce? Na ce a kawo kowane malami ya duba, ya ce shi ne abin da yake gudar mini.

"Ka saurare ni, Likita," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Wannan bawan Allah da takardar nan ya so ya tafi wurin kafil ɗinsa, ya nuna masa dalilin ciwonsa don kada a kore shi. Ni na riƙe shi. Ka san in takardar nan ta fita daga gidan nan ba huruj za a yi maka ba. Mun rufa maka asiri. Maimakon ka gode, kana ɗaga mini murya."

Gaskiya ya faɗa a kan abu ɗaya: in takardar ta fita, babu wanda zai zauna in yi masa bayanin muryoyi biyu a labarin Annabi Nuhu.

Baba ya miƙa hannu ya ɗauko kofin roba a kan firji, ya tsoma a bokitin, ya ciko shi. Ya ce, "Abin mai sauƙi ne. Mu a gida rubutun alheri sha ake yi. Ka ce babu cuta a ciki, ka ce sunan Allah ne. To sha. In ka sha, wannan takardar ma ta bi 'yan uwanta, magana ta mutu a falon nan. Ba kafil, ba gida, ba wanda zai ji. Halas, shi ke nan."

Na dubi kofin. Kun san muryar wa na ji a kunnena? Ta farfesa. Ka tabbata? Babin da na yi alfahari da shi yana cikin ruwan nan, har da jimlar da na ce mu ba ma ɗura wa mutum rubutu don zargi. Wata irin dariya ta taso mini, na danne ta, don na san in ta fito za su ce aljanun ne suka motsa.

Ba tsoron takobi ne ya fi yawa a raina ba, ko da yake akwai shi. Kalmar "ba gida" ce ta kama ni. Na hango Inna a tsakar gida ana gaya mata cewa yaron da ta raina ya rubuta sunanta a hatimin Yahudawa. Na karɓi kofin na yi bisimilla na kafa kai. Ɗanɗanon ƙarfe ne da garin sabulu, da 'yan ɓarɓashin takarda suna maƙale mini a haƙori. Na shanye tas, na kife kofin. Baba ya miƙo mini jadawalin ya ce ni zan tsoma da hannuna. Na tsoma, ina kallo jan da baƙin suka saki juna suka bi ruwa.

Ban kai minti biyar ba na ruga banɗaki. Ina can ina kelaya amai, na jiyo Baba yana gaya wa abokina a hankali, "Ai wanda ya haɗa ba ta kama shi sosai. Ka ji dai tana fita. Amma alhamdu lillahi, an karya."

To ku gaya mini. In na ƙi sha, mai laifi ne. In na sha na kwana lafiya, don ni na haɗa ne. In na yi amai, ga shaida tana fita. An gama shari'ar tun ina wurin aiki, kofin nan biki ne kawai.

Abokina ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa, don Baba ya ce magani ma sababi ne. Cikin mako biyu jiri ya tafi, ya fara mayar da jiki, kafil ya mayar da shi kan tifa. Ni na san abin da ya sauke sugan, su ma a ganinsu sun san abin da ya warkar da shi. Har walimar shinkafa suka yi, suka ajiye mini nawa kason a rufe. Na kwashe kayana na koma wani ɗaki kusa da asibiti. Maganar da aka ce ta mutu a falo kuwa, kafin wata ya ƙare yayata ta kira ni daga gida tana kuka, tana tambayata wai da gaske ne na shiga malaman Yahudawa.

Na sake rubuta aikin daga farko, shekara biyu, da biro. Farfesa na ce masa ruwa ne ya ci littafin, kuma ban yi ƙarya ba. Da na dawo kan babin nan na ruwa sai na karanta shi da wani ido. Da can ina kallon malamin da ke wanke rubutu ne, yanzu kuwa matar nake gani, da kofi a hannu, da mutanen da ke kallon maƙogwaronta. Na bi abin da malamansu na baya suka ce, na tarar sun yi ta gindaya sharaɗi a kan sharaɗi, sai an yi gargaɗi, sai da shaidu, sai kaza, har aka wayi gari an daina al'adar gaba ɗaya. Mutane ne suka zauna da nassin da suke girmamawa, suka yi ta yi masa tambayoyi don kada a zalunci wani da sunansa. Ban bar aƙidata ba ko da taƙi ɗaya, amma na girmama wannan. Jimlar nan tawa ta alfahari kuwa na goge ta da kaina.

Masu tambayata me karatun littafin wasu zai amfana mini a wannan zamani, ga abin da ya amfana mini. Ya koya mini in tambayi shafi kafin in yanke masa hukunci, ko da na ƙi jinin masu shi. Kuma abin da yake ƙona mini rai har gobe shi ne, ba sai mun je aro ba. A namu Littafin an umarce mu mu bincika labari kafin mu afka wa mutane cikin rashin sani, kuma Baba ya haddace wurin, na sha jin ya ja mu sallah da shi. Kalma uku kawai ake nema: mene ne wannan? Su jira ni in dawo daga aiki, awa biyu, su tambaya tun takardar tana bushe. Mutumin da muka tashi tare ya ga baƙin rubutu, ya fi yarda da tsoronsa a kan shekara talatin da ya san ni. Kullum ina ganin irin haka a nan intanet, a ɗauko hoton rabin shafi, a liƙa wa mutum kafirci ko asiri, a yi ta turawa, kowa yana ganin lada yake samu.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, na yi masa addu'a da zuciya ɗaya domin na san a ganinsa cetona ya yi. Ni da abokina muna gaisawa in an haɗu a ɗaurin aure. Ban sake tayar da zancen ba, shi ma haka.

Bayan na dawo gida gaba ɗaya, na daure na je gaida Inna. Na yi ta shirya bayani a mota, yadda zan faɗa mata cikin sauƙi, har na ɗauko kundin digirin na sa a jaka don in nuna mata jadawalin. Na same ta ta tsufa, ido ya yi rauni. Da ta ji muryata ta ce in matso. Na durƙusa a gabanta, ta lalubo kaina ta dafa, kamar yadda take yi in na dawo daga makaranta. Ta sa aka kawo mini fura. Na buɗe baki ke nan zan fara, sai ta riga ni.

Ta ce, "Kada ka ce komai, ɗana. Sharrin Shaiɗan ne, kuma ƙasar mutane ba abin da ba ta sa mutum. Da na je Umara, a gaban Ka'aba na ɗaga hannu na ce na yafe maka duniya da lahira. Kullum ina roƙa maka shiriya."

Umarar da ni na cike mata takardunta.

Na dubi hannunta da ya sauko kan kafaɗata. Shekaru ta yi tana ɗauke da wannan yafiyar, tana jiran ranar da za ta miƙa mini. In na ce ban yi ba, na ce ɗanta maƙaryaci ne, na ce addu'arta a gaban Ka'aba a kan banza ta yi ta. Jakar tana gefena, ban buɗe ta ba.

Na ce, "Na gode, Inna."

Ruwan bokitin nan minti biyar ya yi a cikina na amayar da shi. Wannan godiyar kuwa har yau tana nan inda na haɗiye ta.